Na gane muryar da ke cikin gem ɗin maigidana

Assalamu alaikum 'yan uwa, admin a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, abin nan ya hana ni sukuni.

Maigidana gyaran waya yake yi a Lamashegu, shekararmu tara da aure. Shi da abokansa shida suna yin gem na ban tsoro, kowa ya ƙera nasa ɗan guntu, sai su haɗa wuri ɗaya su sa a intanet kyauta. Yakan ba ni in gwada. Gaskiya aikin ba ɗaya ba ne, wani tsikar jikinka za ta tashi, wani kuma aljanin zai maƙale a bango yana karkarwa har ka yi dariya. Na maigidana kullum shi ne na baya. A kwamen aka ce dodonsa na kuka kamar akuya mai mura, kwana biyu bai ci tuwon kirki ba.

Na bana da ya fito, nasa aka fi yabo. Da murna ya sa min abin ji a kunne. Allon baƙi ƙirin, sauti ne kawai, gudu, ƙarar katako a jikin mutum, sai wani yana cewa, "Wallahi ba ni ba ne, ku bar ni in yi magana." Nan take na gane muryar. Ɗan matar da ke kawo mana nono daga bayan gari ne. Watannin baya jama'a suka rufe shi da duka kusa da shagon maigidana wai ya saci babur, suka fasa masa kai, suka karya hannunsa biyu, daga baya aka gano ƙanin mai babur ɗin ne ya ɗauka. Har yau ba ya iya tatsa. Ashe maigidana yana tsaye a wurin, ɗaukar sauti yake yi.

Na roƙe shi ya cire, na tuna masa Allah. Ya ce ba fuska ba suna, kuma ba shi ya daki kowa ba, sai yanzu da aka fara ganin girmansa zan ɓata masa. Da na nace ya maka wayata da bango, ya shaƙe ni da wuyan hijabi har na ga duhu, abin da bai taɓa yi ba. Ya ce ranar da na faɗa wa wani, in kwashe kayana in koma gidanmu Gumbihini, yara kuma su zauna.

Abokansa sun ɗauka wasan kwaikwayo ne, kuma ina da lambar babbansu. Mai nonon, uwar wanda aka daka, ta zo jiya, ta auna min nono, ta ce, "'Yata, ki ci gaba da sa shi a addu'a." Na kasa kallon idonta.

In faɗa wa babban nasu, ko in faɗa mata, ko in yi shiru in riƙe 'ya'yana? Duk wanda ya buɗe gem ɗin nan, sake dukan bawan Allah nan ake yi. Ya zan yi?