Na Sa Mahaifiyata a Wasan Rediyo, Yanzu An Ce In Kashe Mata Jika

Anti mai shawara, don girman Allah ki taimake ni da amsa kafin ƙarshen wata. Ni ce kullum nake tsara abin da za a gaya wa mutane su canza hali, yau ga ni na rasa abin da zan gaya wa kaina.

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina aiki a wata ƙungiya mai wayar da kan jama'a a kan lafiya. Ni ba likita ba ce, ko allura ban iya ba. Aikina in gano abin da ke hana mutane bin maganar likitoci, sannan in tsara saƙon: wa za a yi wa magana, da bakin wa, ta wace hanya. Na yi na wanke hannu, na yi na gidan sauro, na yi na rigakafi. In kin taɓa ganin fasta a bangon asibiti, wata mata tana murmushi kamar an yi mata kyautar mota alhali sabulu ne a hannunta, to wataƙila ni na zaɓi murmushin. Na gaji, Anti. Irin gajiyar nan ce da ko an yi barci ba ta fita.

A ofishinmu akwai ɗakin taro mai fanka guda da ke kuka tun zuwana. Bangonsa cike yake da 'yan takardu masu launi da muke liƙawa layi-layi: waɗanda muke nufi da saƙo, masu taimaka mana, sai layin ƙarshe da muke kira shingaye, wato duk abin da ke tare hanya. Bara aka ba mu aiki a kan zazzaɓin ƙananan yara, cewa in jikin yaro ya yi zafi a kai shi asibiti kafin ya kwana biyu. Ni da hannuna na rubuta "kakanni" a jar takarda na liƙa a ƙarƙashin shingaye. Ko a jikina. Haka muke aiki.

Muka yanke shawarar yin wasan kwaikwayo na rediyo, kashi ashirin da shida, aka ba ni rubutun. A sana'armu irin wannan wasa yana da ƙa'ida. Dole a samu mutum iri uku: mai hali na gari da zai ga alheri, mai mugun hali da zai ga sakamako, da na tsakiya wanda zai yi ta jan ƙafa har ya gane ya canza. Mai halin kirkin da ta tsakiyar ba su gagare ni ba. Mai mugun halin, wato kakar yaron, ita ce ta ƙi tashi. Duk wadda na rubuta sai ta fito kamar takardar gargaɗi, ba mai numfashi ba. Shugaban sashenmu, wanda muke kira Mai Jan Biro a bayan idonsa saboda ko katin gaisuwa ka ba shi sai ya gyara, ya maido mini da rubutun sau uku.

Ana cikin haka na je gaishe da Inna, mahaifiyata. Tela ce, shekara arba'in tana taka keken ɗinki ɗaya a ƙofar ɗakinta, tef a wuya, allura a baki, tabarau an ɗaure masa kunne guda da zare. In za ta faɗi abin da ba a so a ji sai ta gyara murya sau biyu. Kuma duk abin da ya faru a duniya, daga ciwon kai har yankewar ruwan famfo, amsarta ɗaya ce: zai wuce. Ina zaune ina kallonta sai na ji kamar an kunna mini fitila. Na kwashe ta kaf, Anti. Gyaran muryar, tsokanar, yadda take zagin zare in ya tsinke. Har ƙarar kekenta na ɗauka a waya ba ta sani ba, ita ake sakawa a sitidiyo. Na sa wa matar suna Kaka Zai-Wuce. Mai Jan Biro ya karanta, karo na farko ya mayar da bironsa aljihu.

To wasan ya karɓu fiye da yadda muke so. Ba wanda ya damu da mai halin kirkin, wadda na ɓata wata biyu ina gyara mata hali. Kaka kawai ake jira. Da muka fita jin ra'ayin masu saurare, sai muka tarar kalmarta ta zama abin wasa a bakin kowa. Wata ma'aikaciyar jinya ta ba mu labarin tsohuwar da ta kawo jikanta a kwana na huɗu, yaro ko kuka ba ya iyawa, tana dariyar kunya tana cewa ita ce Kaka Zai-Wuce ta unguwarsu. Wannan yaron ya rayu, amma rahoton ya girgiza ɗakin taronmu. Mai Jan Biro ya ce magana ta ƙare, a kashi na ashirin da huɗu jikan Kaka zai mutu a hannunta, mutane su daina dariya. Ban iya musu ba. Ni nake koya wa sababbin ma'aikata wannan ƙa'ida.

Ga abin da ba wanda ya sani a ofis. Ina shekara bakwai ƙanena yana biyu, jikinsa ya yi zafi. Kwana uku Inna tana jiƙa tsumma tana shafa masa tana cewa zai wuce. A na huɗu ta goya shi ta fita, ta dawo da majanyi a hannu. Shekara talatin da ɗaya ba mu taɓa ta da maganar ba, ko sau ɗaya. Ban taɓa cewa na riƙe ta a raina ba, amma in ba haka ba me ya kai ni wannan aiki, me kuma ya sa na rubuta jar takardar nan ba tare da jinkiri ba?

Inna ba ta fashin wasan. Duk Asabar ƙarfe biyar sai ta ɗage ƙafa daga keke, maƙwabta su shigo da kujerunsu, ta yi ta dariya har tabarau ya zame. Ta san a wurinmu ake yi, amma na ce mata wasu ne suke rubutawa. Na ɗauka ba ta gane ba, ina ce wa kaina mutum ba ya jin muryar kansa. Sati biyu da suka wuce aka sa kashin da jikin yaron ya fara ɗumi. Da maƙwabta suka watse, tana zura zare a allura, ta gyara murya sau biyu, ba ta ko kalle ni ba ta ce in gaya wa masu rubutun nan su bar wa matar yaronta, ai an riga an karɓe mata ɗaya. Anti, babu inda na rubuta cewa Kaka ta taɓa rasa ɗa. Na ce to, na yi mata sallama kamar baƙuwa.

Ƙarshen wata za a naɗi kashin. Kullum in buɗe kwamfuta in zuba mata ido har a tashi. In na ƙi, akwai abokin aikina da zai rubuta, shi kuwa ba shi da tausayi a rubutu. Maigidana ya ce ko in ajiye aikin ko mu sace batirin rediyon Inna, ko dariya ban yi ba. In na bar yaron ya rayu, ina tsoron wata tsohuwar ta jira kwana huɗu da kalmar da ni na sa a bakinta. In na kashe shi, na sa uwata ta sake binne ɗanta a gaban maƙwabta, da ƙarar kekenta a baya. Wanne zan ɗauka?

'Yar Tela

'Yar Tela, ƙanwata,

Sannu da wannan kaya, Allah ya sauƙaƙa. Bari in fara da wanda kika fi jin haushi. Mai Jan Biro bai yi laifi ba. Ya ga kalma ta kuɓuce muku tana yawo a gari, ya ga yaro ya kusa tafiya, dole ya nemi birki. Barin wasan yadda yake, a ci gaba da dariya, ba ya cikin zaɓinki, kuma ke ma kin sani. Ajiye aiki ma ba mafita ba ne, miƙa wuƙar ce kawai ga wanda bai san inda zai yanka ba.

Amma gaskiyarsa ta tsaya a rabi. Ki tuna su wa kuke so su ji. Tsofaffin nan sun buɗe rediyo ne don karo na farko sun ji irinsu tana magana. Ranar da kuka tsayar da ita a gaban duniya a matsayin wadda ta kashe jikanta, da yawansu za su murɗa rediyon su koma aikinsu. Surukansu kuma za su samu abin gori, gidaje su ƙara zafi. Ke kika ce mutum iri uku ne a ƙa'idarku. Wa ya ce Kaka ba za ta iya sauya layi ba? Matar da gari duka ke so, in ita ce ta ɗage ƙafa daga keke ta saɓi yaro tun kwanan farko, za ta ja mutane fiye da fasta dubu. Mutuwar da shugabanku yake so ta girgiza masu saurare ba sai ta zo a gaba ba. Tana iya zuwa daga baya, daga bakin Kaka, a matsayin abin da ta daɗe tana haɗiyewa.

Sai dai a nan zan ja miki kunne. Wannan labari ba naki ba ne. Kin ɗauki muryar Inna da kekenta ba izini, kada ki ƙara da gawar ɗanta. Abin da kika yi sata ce, ko da kuwa da kyakkyawar niyya, kuma haƙuri ake ba wa wanda aka yi wa. Ki je wurinta ranar da ba Asabar ba, ki bar waya da littafi a gida. Ki ce mata ke ce mai rubutun. Ta riga ta sani, jira take ki faɗa. Sannan ki yi abin da kika yi wa ɗaruruwan matan da ba ki haɗa komai da su ba, kika hana uwarki: ki tambaye ta me ya faru a kwana ukun nan. Ke kina shekara bakwai, tsumma kawai kika gani. Ba ki san ko mahaifinku ba ya nan ba, ko asibitin da nisa, ko an taɓa wulaƙanta ta a can, ko tsoro ne ya daskarar da ita. Wataƙila kuma sakaci ne zalla, ta kuma fi kowa sani. Ko ma mene ne, ki ji shi daga bakinta, kada ki gyara mata.

In ta yarda a yi amfani da wani abu daga ciki, ki rubuta kashin iri biyu, na shugabanku da naki, ki nemi a kunna wa kakanni na gaske su faɗi wanne zai sa su tashi da yaro. Wannan ai hanyar aikinku ce, ba zai iya ƙi ba. In ta ce a'a, ki bar mata abinta ki ƙirƙiro wa Kaka wani dalili, ai marubuciya ce ke. In kuma an gwada nasa ya fi, ki rubuta da hannunki, da tausayi, ki gaya wa Inna tun kafin ranar, ki zauna kusa da ita in an saka.

Gajiyar da kike faɗa ba ta ofis kaɗai ba ce. Shekara goma sha ɗaya kina aika saƙo ga gari guda, alhali mace ɗaya kike son ki yi wa magana, ita kuwa ga ta nan ta riga ki buɗe baki. Kada ki bar ta da amsar "to". In kin koma aiki ki cire jar takardar nan daga bango.

Allah ya jiƙan ƙanenki, ya ƙara wa Inna lafiya da tsawon rai, ya sa ku samu bakin magana tun kekenta yana ƙara. Ki gaishe mini da ita.

Anti