Kifin da Baba Malam ya ci a Abuja

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, abu biyu ne a hannuna kuma da alama ɗaya zai suɓuce: cinikin masara mafi girma da na taɓa samu, da amanar ƙanin mahaifina.

Ni dillalin hatsi ne a Hunkuyi. Manoman Likoro ba don kyan fuskata suke ba ni kaya ba, don Baba Malam ne, ƙanin mahaifin nawa, shi ne limaminsu, in ya ce wane mai amana ne an gama magana. Shi ya sa da wani mai kamfanin abincin kaji ya kira ni Abuja na tafi da Baba Malam.

Mai kamfanin nan ɗan Makarfi ne fa, na san gidansu, amma tunda ya leƙa Ingila ya dawo Bature. Ya kai mu wani wurin cin abinci irin na can, wai gastropub. Rana tsaka amma ciki duhu kamar rumbu, abinci kuma a kan katako ake kawo shi, sai ka ce faranti ya ƙare a duniya. Na hango kwalaben giya jere can ƙurya na yi magana, ya ce ɓangaren daban ne, mu abinci ya kawo mu. Aka kawo kifi cikin ɓawon fulawa da soyayyen dankali, da wani koren abu kamar an dama wake an manta gishiri. Ni dai na taɓa. Baba Malam kuwa ya cinye tas, har yana sa wa mai girkin albarka.

Da na tashi wanke hannu, halin dillali, na tambayi mai kawo abincin wace irin fulawa ce take ƙaras-ƙaras haka. Ya ce fulawa ce kawai, da giya ake kwaɓa ta.

Na ja Baturen namu gefe, sai ya yi dariya, wai ai wuta ta ƙone ta, kar in kawo masa ƙauyanci. Mutumin da na sani yana tallan rake a tasha, yau shi ke ba ni fatawa.

Yanzu ya ce mu koma mako mai zuwa a ƙulla magana, a wurin nan dai. Baba Malam har ya yi wa iyalinsa alkawarin tsarabar kifin. Ba zan bari ya sake ci ba, wannan na yanke. Amma in na faɗa masa gaskiya zai rabu da mutumin nan har abada, manoma su bi shi, ciniki ya tafi, kuma zai tambaye ni me ya sa na ga kwalabe na zauna. In na yi dabara na bar shi a gida ciniki zai ƙullu, ni kuma in riƙa bin sa salla da wannan a cikina. Ku da kuka fi ni sani, wanne zan ɗauka?