Kin Ci, Saura Ki Tafi

Zuwa ga sanyin idona, hasken ɗakina, ruwan farko da ke sauka kan ƙasar da ta gaji da jira. Zuwa ga uwar tagwayena, inuwar da nake gudowa cikinta duk ranar da duniya ta yi mini zafi,

Gaisuwa mai nauyi, wadda takarda ba za ta iya ɗauka ba sai dai ta yi iyakar ƙoƙarinta.

Kin ci! Bari in sake rubutawa, don hannuna bai ƙoshi ba: kin ci! Wace tsuntsuwa zan aika ta gaya wa bishiyoyi? Wane kogi zan tsayar a hanya in ba shi labari ya kai wa teku? Kin san a nan wurin duba takardun jarrabawar ɗalibai karɓe mana wayoyi ake yi tun daga bakin ƙofa, sai an tashi hutun rana a mayar wa kowa tasa. Ina kunna tawa kiranki ya shigo, kika faɗi makin da kika samu, kika ce jami'a ta ba ki gurbin digiri na biyu. Ihun da na yi, gimbiya, sai da tsohon da ke shugabantar teburinmu ya zubar da shayinsa, ya zaci maciji na taka. Da muka koma aiki, kowane yaro na ga kamar ya cancanci kyauta. Kafin yamma tsohon ya dawo mini da rabin takardun da na duba, ya ce in sake, wai farin cikin gidana ba ya cikin amsoshin da aka ba mu.

Amma kafin layin ya yanke kin faɗi wata magana da ta tsaya mini a rai. Murya ƙasa-ƙasa kika ce: "Baban tagwaye, anya zan je kuwa?" Kika ce jami'ar na jiran amsarki kafin ƙarshen wata, za ki bari sai na dawo mu zauna mu yi shawara. Saboda wannan maganar na nemi takarda, kuma da safe zan kai ta tasha in ba direba, domin a waya kullum ke kike cinye ni da hujja.

Kin manta daga inda muka taso ne, tauraruwata? Ni ban manta ba. Bara war haka kika dawo daga wannan jarrabawa ta neman gurbi fuska a rufe kamar hadarin da ya ƙi zubar da ruwa. Lissafi kin share shi kamar tsakar gida, amma ɓangaren gyaran jimlolin Turanci ya ja makinki ƙasa. Shugabar sashenku a asibiti ta gaya miki ba tare da kwana-kwana ba cewa hutun ƙaro karatu na mutum ɗaya ne, idan kika sake faɗuwa za a ba na bayanki. Kika ɗauki ƙaton littafin nan na tambayoyi kika tokare fankar falo da shi don ta daina girgiza, kika ce ko ba komai ya yi amfani. Kika ce haihuwa ta sa kanki ya yi tsatsa. Ke? Ke da kike riƙe da sunayen magunguna a ka fiye da yadda na riƙe sunayen 'yan ajina? Surukarki Inna ce ta fara ba ki amsa daga kan tabarmarta, ta ce ita ta haifi bakwai kuma har yau babu wanda ya taɓa cutar ta a canji.

Sai na ɗaura ɗamara irin ta malamin da aka taɓa wa mutunci. Na shafe bayan ƙofar kicin da baƙin fenti, na kwaso alli daga makaranta, na fara zuba miki dokokin nahawu kamar mai cika randa. Ga jimla an ja wa wani yanki nata layi a ƙasa, ga zaɓi biyar, ki nemo wanda ya fi lafiya kafin agogo ya ci ki. Na koya miki aikatau da ya manta mai aikinsa don an jibga kalmomi a tsakaninsu, da wakilin suna da ba a san wa yake wakilta ba, da kwatancin da ke auna mutum da gida. Kina soya albasa ina karanta tambaya, kina ninke kayan yara ina buga tebur ina cewa lokaci ya ƙare. Ran da na ce miki "sake dubawa, yarinya" da muryar aji, kika ajiye ludayi kika tambaye ni ko zan kira iyayenki ne. Daga ranar ban ƙara yi miki muryar aji ba.

Duk da haka maki ya ƙi motsi. Ina ƙara doka, kina ƙara faɗuwa. Na zauna na bi tambayoyin da kika ɓata ɗaya bayan ɗaya, sai na ga abin mamaki: masu wuyar ba su ne ke kayar da ke ba. Zaɓi na farko, wanda yake maimaita jimlar yadda take ba tare da an taɓa ta ba, shi ne ba ki taɓa ɗauka ba, ko da wasa. Da na tambaye ki kika ce ai ruwa ba ya tsami banza, mai jarrabawa ba zai ɓata tawadarsa a kan jimla mai lafiya ba, dole akwai cuta a ɓoye. Haka kike kama lafiyayyiyar jimla ki kwantar da ita ki yi mata tiyata har ta mutu a hannunki. Ni kuma, mai jan biro, da na shekara da shekaru ina farautar kuskure a littattafan yara, me nake yi in ba ƙara miki wuƙaƙe ba? Mai haɗa magani da malamin Turanci sun haɗu a kan jimla ɗaya, ina za ta tsira?

Allah ya kawo mafita ta hanyar hawan jinin Inna. Ranar da maganinta ya ƙare na biyo ta asibitinku daga makaranta, na shiga layi kamar kowa, na tsaya ina kallon ki ta tagar ba da magani ba ki san ina nan ba. Kai, wannan kallo! Farar rigarki, gilashinki da ya zamo kan hanci, hasken rana ta taga yana kwance a kumatunki kamar ya sami wurin hutawa. Takardar likita ta zo hannunki, idonki ya sauka kan sunan mara lafiya, ya tsallaka kan shekarunsa, ya dira kan adadin maganin, sai tim! hatimi, ki miƙa, na gaba. Tim! Tim! Ba gardama, ba waiwaye. A duk tsayuwata takarda ɗaya tak kika mayar wa likita, ita ma kallo ɗaya kika yi mata. Na ce a raina, ashe matar nan ta fi kowa iya sallamar mai lafiya, ƙofar kicin ɗina ce ta mantar da ita.

A hanyar gida na tsaya wurin mai sassaƙa hatimi na bakin titi, na sa ya yanka mini guda mai kalma ɗaya: LAFIYA. Kin yi dariya har da riƙe ciki, kika ce kuɗin cefane ne na kai wa mai roba. Amma kin karɓa. Daga ranar muka goge dokokin nan daga ƙofa, muka bar wurare uku da ido zai sauka, kamar a tagarki: wa ya yi aikin, shi da aikin sun dace, maganar ta fita sarai? Idan kin sami cuta ki nemi magani a cikin sauran zaɓin. Idan babu, tim! Littafin nan ya cika da shuɗin tawada, tagwaye suka riƙa miƙo bayan hannu a buga musu, Inna ta leƙo tana tambaya ko kafinta muka ɗauka a gidan. Maki kuwa ya fara hawa kamar shukar da ta ji ruwa, yau ganye, gobe reshe, ni kuma ina zagaye ki kamar manomin da bai taɓa ganin kore ba.

Abin da kika ba ni labari a waya shi ne ya ƙarasa ni. Ɗakin jarrabawa tsit, kowa ya ƙura wa kwamfutarsa ido, ko tari babu. Jimla ta fito, kika duba wurarenki uku, kika ga lafiyarta ƙalau, hannunki ya manta inda yake, ya dunƙule ya sauka kan tebur, tim! Na kusa da ke ya zabura, mai sa ido ya taso da sauri yana tambaya ko lafiya, ke kuma kika amsa masa da cewa lafiya ƙalau, ita jimlar. Sauran jarrabawar kika ƙarasa ta zaune a kan hannunki na hagu. Na ba malaman teburinmu wannan labari, wani sai da ya cire gilashi ya share hawaye. Wa ke da mata irin tawa? A fito da ita in gani!

To yanzu, zumar raina, wace irin magana ce "anya"? Wanda ya haƙa rijiya har ya ji danshi a farcensa, yakan tattara igiya ya koma gida? Na san abin da kike lissafawa, domin na san ki kamar tafin hannuna. Kina tunanin maganin Inna, wa zai tuna na safe da na yamma. Na kira ta bayan mun rabu, ta ce in gaya miki idan ba ki tafi ba ita za ta ɗauki jakar ta tafi a madadinki, ai ta ji darasin duka ta bayan labule. Kina tunanin tagwaye. Mutumin da yake tsare aji guda na 'ya'yan mutane daga safe har azahar, biyu nasa ne za su gagare shi? Kitson 'yar macen ne kawai ban iya ba, shi ma yayarki ta ce ta ɗauka, da sharaɗin kada in ƙara gwadawa da kaina. Kina kuma tunanin ban san inda komai yake a gidan ba. Wannan gaskiya ne, ba ni da abin cewa. Zan koya.

Akwai kuma 'yan matan ajina. Tun da suka ji matar Malam na shirin wannan jarrabawa suke tare ni a baranda suna tambaya ya ake ciki. Wata a cikinsu, mai ƙoƙari ce ƙwarai amma ba ta yarda da kanta ba, ta taɓa tambayata wai da gaske mace mai 'ya'ya tana iya komawa makaranta. Na ce ta jira ta gani. Me kike so in je in gaya mata?

Kada ki zaci ina tura ki ne da zuciya mai sauƙi. Wayyo, ina sauƙin yake! Shekara biyu gidan nan zai zama kamar gona bayan girbi, komai na nan a wurinsa amma babu abin da ido zai sauka a kai. Wa zai yi mini dariya idan na fita da alli a gemu? Wa zai tsaya a ƙofa da yamma, takalmi a hannu, yana ba ni labarin likitan da rubutunsa ya yi kama da tafiyar kaza? 'Yan kwanakin nan ma da na yi a nan, ina kwana a ɗakin ɗalibai kan katifa mai kaurin faranti, ji nake kamar an cire mini haƙarƙari guda. Zan yi kewarki kamar yadda busasshen kwari ke kewar ruwa, yana nan kwance da siffar kogin a jikinsa, yana jira. Amma gara in yi kewar matar da ta tafi ta cika burinta, da in zauna kusa da wadda ta binne nata saboda ni, ina kallon ta kullum tana cewa ba komai.

Ga alkawarina, kuma Allah ne shaida. Duk hutun makaranta zan kwaso tagwaye mu zo miki, ko motar kaya za mu hau. Kujerarki ta bakin taga babu mai zama a kai. Zuciyar da kika bari za ki dawo ki tarar da ita yadda kika bar ta, sai dai abin da ta ƙaru da shi na ɗoki.

Roƙona ɗaya ne, kuma shi ne dalilin wannan doguwar takarda. Kada ki jira ni. Ranar da ta iso hannunki, kafin ki cire rigar aiki, ki zauna ki aika wa jami'a cewa kin karɓa. Yanzu da nisa ke tsakaninmu ina da ƙarfin cewa ki tafi, kuma da dukan hankalina nake faɗa. Idan na shigo gida na tarar da ke a bakin ƙofa kina murmushin nan naki, ban yarda da bakina ba. Ki aika tun ina jarumi.

Naki jiya da yau, naki a kusa da nesa, naki har ranar da numfashi zai ƙare,

Baban tagwaye