Gero a Shagon Tsuntsaye

Alƙahira, Talata bayan isha'i.

Kwana biyu ke nan Malam bai ci abin kirki ba. Tun da muka sauka garin nan da jakunkunanmu a baya, burodi da wake muke ci safe da yamma, har cikinsa ya ɓaci. Da asuba ya ce, "Hafsatu, da zan samu kunun gero, da na miƙe."

A littattafan da nake karantawa, matar da mijinta ya kai ƙasar waje turare da gwal take saye. Ni kuwa gero na fita nema. Shago biyar na shiga ina nuna hoton gonar Baba ta Zakka a waya, ko wani zai gane geron, kafin wani dattijo ya nuna mini wata ƙofa. Ashe shagon tsuntsaye ne. Ga gero a leda, da hoton aku a jiki! Mai shagon ya tambaya tsuntsu nawa gare ni. Na ɗaga yatsa ɗaya.

Har yanzu kaina a ɗaure yake. Abin da muke shekara muna nomawa, nan abincin keji ne?

Na wanke shi sau uku, matar mai masauki ta niƙa mini, na dama da lemun tsami don babu tsamiya. Malam ya shanye kofi biyu har da gumi.

"Kamar a Safana! Ina kika samo?"

"Sha dai, Malam."

Wai gobe sai na kai shi shagon ya yi wa mutumin godiya. Ya zan yi?