A Yanke Kachalar Tafkinmu Tun Ruwa Bai Janye Ba

Zuwa ga Mai Girma Shugaban aikin farfaɗo da tafkuna da bakin kogi na yankinmu.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan Yallabai yana lafiya, tare da iyali da abokan aiki.

Sunana Nafi'u. Ina zaune a Yalwawa cikin Dutse, amma asalina wani ƙauyen masunta ne a ƙasar Miga. Na karanta ilimin kifi da ruwa a jami'a, kuma bara na gama bautar ƙasa. Sau uku ina zuwa ofishinku, sau biyu ina barin takarda a wurin sakatare, ban samu amsa ba. Shi ya sa na rubuto a fili. Na daɗe ina ajiye wasiƙar nan ina sake dubawa, don tsoron kada in faɗi abin da ban tabbatar ba.

Na ɗaya. A Kudu na yi bautar ƙasa, a bakin teku, cikin masu dawo da itatuwan nan da ke tsira a ruwan gishiri, waɗanda kifi ke zuba ƙwai a tsakanin saiwoyinsu. Na shiga taɓo har gwiwa na dasa da hannuna. Dashenmu na farko ya mutu kusan duka, domin mashigar ruwan a toshe take, ruwa ba ya shiga ya fita yadda ya saba. Wata tsohuwa mai tsintar kawa, wato irin ƙumbar nan ta teku, ita ce ta nuna mana wurin toshewar. Da aka buɗe, tsiro ya riƙa fitowa har inda ba mu dasa ba. Abin da na koyo ke nan: a fara gyara hanyar ruwa, kuma a tambayi mutanen wurin.

Na biyu. Da na dawo gida na tarar ma'aikatanku sun zo da alkawarin share kachala, doguwar ciyawar ruwan nan da ta toshe mashigar da ke kawo ruwa da kifi daga kogi zuwa tafkinmu. Sharaɗinsu shi ne a daina kamun kifi har shekara guda. A al'adarmu Sarkin Ruwa yakan rufe tafki wata uku ne kawai, lokacin da kifi ke ƙwai, sannan ya buɗe a yi su gaba ɗaya. Dattawa suka ƙi. Ni na tashi a gabansu na ce na ga irin wannan aiki da idona a bakin teku, kuma yana haifar da alheri. Mahaifina, Malam Sale, shi ya fara naɗe komarsa ya rataye. Sauran suka bi.

Na uku, kuma nan ne kuskuren yake. An yi yankan da bazara, ruwa ya ƙafe, ma'aikata na tsaye a kan busasshiyar ƙasa suna sara da adda. Duk masuncin garinmu ya san kachala ba ta mutuwa da haka. Ana yankanta ne da kaka, ruwa na cike, daga cikin kwalekwale, a sa lauje kamar taƙi ɗaya ƙarƙashin ruwa, yadda kututturen zai nutse ya ruɓe. Baba Sarkin Ruwa ya gaya wa shugaban ma'aikatan haka a gabana. Aka ce masa a busasshiyar ƙasa aikin ya fi sauri, kuma ya fi fitowa a hoto. Ciyawar da aka sare kuma a bakin mashigar aka jibge ta.

Na kafa sanda a wurin ina aunawa duk ranar kasuwa. Cikin mako shida sabon toho ya kai ƙuguna. Yau ya wuce tsayina. Ruwan bana ya shigo tafki ta gefe ɗaya kawai, ta wata 'yar kafa da kwalekwale ba ya wucewa.

Yallabai, wata tara ke nan mahaifina bai jefa koma ba. Mutumin da ya shekara arba'in yana kama tarwaɗa da karfasa, yanzu ƙwadago yake yi a gonar shinkafar wani. Bai taɓa ɗora mini laifi ba. Amma dattawa sun yanke cewa idan ruwa ya janye ba a gyara mashigar ba, za su sa taru mai ƙananan ido su kwashe abin da ya rage, manya da 'ya'ya. Ban da bakin hana su.

Roƙona uku ne. A ba da izinin sake yanka yanzu, domin bisa alamar da nake gani a jikin sandata, ruwan ba zai wuce mako huɗu da wannan zurfin ba. A kwashe tulin ciyawar da ke bakin mashigar. Sannan a bar Sarkin Ruwa ya jagoranci aikin. Kwalekwale muna da su, masu yanka muna da su. An dai ce kada kowa ya taɓa wurin sai da takardarku, ita kaɗai muke jira.

Allah ya ƙara wa Yallabai lafiya, ya yi masa jagora a kan amanar da ke hannunsa. Lauje tara na kai wa maƙeri ya wasa, suna nan a zauren mahaifina.

Wassalam.

Nafi'u Sale,
Yalwawa, Dutse.