Angona Yana Tari, Malam Yana Busa Taba

Hajiya Turai,

Ki taimake ni, amma sai kin fara cinkar wannan: wane ne bai taɓa sayen taba ba, bai taɓa sa ta a baki ba, amma kullum sai ya sha?

Ni tsohuwa ce a Unguwar Kanawa, karatuna na yaƙi da jahilci ne, ki yi haƙuri da rubutun. Mazana biyu. Na farko Malam Sanda, ya yi ritaya, ya bar ofis amma bai bar sigari ba. Na biyu angona Maliki, jikana ɗan shekara biyar, wanda har yau ko ɗankwali bai saya mini ba. Uwarsa Zuwaira, 'yata, tana koyarwa a Mando, shi ya sa yake zaune wurinmu.

Angon nan yana da asma. In ta tashi, ƙirjinsa sai ya riƙa fito kamar butar shayi. Muka ce sanyi ne. Na rufe tagogi, na zura masa suwaita biyu, na hana shi fita ko tsakar gida. To ina zai zauna? Ɗakin kakansa, a kan cinya, suna jin rediyo, Malam na ta busa hayaki kamar jirgin ƙasa zai bar tasha. Na yi magana, ya ce shekara arba'in yana sha a gabana, ba abin da ya same ni sai ƙiba. Ni kuwa don warin ya tafi, sai in cika kasko da turaren wuta in kai musu.

Makon jiya sai da aka kwantar da Maliki asibiti. Zuwaira ta ce hayakin taba ne, in haka ta sake faruwa, za ta ɗauke ɗanta. Hajiya, a shekaruna za a raba ni da ango? Shi ma Malam ban san da wa zai yi hira ba, don labaraina sun ishe shi.

Kakar Ango

Iya,

Zuwaira na da gaskiya. Hayakin da wani ya fesar yana shiga ƙirjin yaro, ya tayar masa da asma. Amma kada ki jibga wa Baba laifin shi kaɗai. Kaskonki ma hayaki ne, ƙamshi kawai ya fi sigari. Rufe tagogin nan kuwa, kulle yaron kuka yi tare da hayakin.

Ki buɗe tagogi. Turare sai ranar da Maliki ya je wurin uwarsa. Ki rage suwaita, ki bar shi ya sha hantsi a tsakar gida, don rana ce ke sa jiki ya samar da bitamin D mai ƙarfafa ƙashi. Hantsi ba ya warkar da asma, saboda haka magani ya ci gaba yadda likita ya tsara.

Baba kuwa kada ki yi masa wa'azi, ya riga ya haddace naki. Ranar komawa asibiti ki zauna gida, shi ya kai abokinsa Maliki, ya ji daga bakin likita. Sannan ki fitar da kujerarsa da rediyo tsakar gida, da sharaɗin in Maliki na kusa, ashana na aljihu. Mutumin da ke ɗora jika a cinya ba zai yarda a ɗauke masa shi ba. Ki kira Zuwaira ta ga canjin da idonta.

Allah Ya ba angonki lafiya, Ya nuna miki ɗankwalin nan. Amsar kacici-kacicinki kuwa mutum biyu ne: Maliki, sai ke kanki, Iya, da kika shekara arba'in kina sha.

Hajiya Turai