Hannun da Ke Ɗaga Shi

Yaya,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Ya ƙafar taki? Ki yi haƙuri da wannan rubutu kamar tafiyar kaza, da hagu nake yi.

Santsin bayi ne ya kwashe ni, na tokare da hannun dama. Ƙashin wuyan hannun ya farfashe har cikin gaɓa. Likita ya yi mini aiki, ya jera gutsattsarin ɗaya bayan ɗaya, ya ɗaure su da ƙarfe da ƙusoshi. Ya ce fuskar gaɓar dole ta warke sumul, in ba haka ba ƙashi zai riƙa cin ƙashi. Ya hana ni ɗaukar abin da ya fi kofin shayi nauyi.

Kofin shayi fa, Yaya! Ni da nake ɗaga maigidana, ƙaton mutum, daga gado zuwa keke tun da ƙafafunsa suka mutu. Ƙaninsa yana zuwa da safe kafin ya tafi aiki, amma kin san surukinki da kunya da taurin kai. Bai yarda kowa ya kai shi bayi ba sai ni. Ina tsoron a ce a mayar da shi gidan ƙanin, ni kuwa ba zan iya zaman ɗakin nan babu shi ba.

Ki gaida kowa.

Ƙanwarki,
Auta

Yaya,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na ga saƙonki. Faɗan da kika yi mini ya zo a makare.

Ranar da ƙanin bai zo ba, surukin naki ya zame daga bakin gado yana neman keken da kansa. Ban yi tunani ba, na tare shi da hannu biyu. Na ji wuyan hannun ya ba da ƙas. Hoton asibiti ya nuna wani gutsuren ƙashin ya nutse, ƙusa ɗaya ta kutsa cikin gaɓar. Likita bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi. Za a sake aiki, kuma wataƙila a manne gaɓar gaba ɗaya, ba za ta ƙara lanƙwasawa ba.

Hannun bai dame ni ba kamar maigidan. Ya daina tsokanata, ya daina kushe girkina. Jiya na lura leɓensa ya bushe ya tsage, ga ruwansa a gefe bai taɓa ba. Ashe tun ranar ya daina sha da rana, don kada ya buƙaci a ɗaga shi. Na zage shi tas, na fita tsakar gida na yi kuka.

Da bakina na kira ƙaninsa na ce ya zo ya tafi da shi. Gobe za su zo da mota. Na ninke masa kayansa da hagu, yana kallon bango.

Ki zo, Yaya, ko da ƙafar na ciwo. Ba na son in rufe ƙofar ni kaɗai.

Taki har kullum,
Auta